Dawar Kawu da tsutsar da ta yi rani cikin danga

Gonar da zan yi magana a kanta ba wata babba ba ce, gonar bayan gida ce ta kawuna a wani ƙauye tsakanin Gusau da Tsafe, in ka tsaya cikinta da hantsi kana hango dutsen Kwatarkwashi. Da can ba da ita aka dogara ba, gandun yana can cikin daji, amma kowa ya san halin da ake ciki a Zamfara, gonar nesa ta zama sai dai a riƙa tuna ta a hira, shi ya sa duk taki da duk ƙarfin gidan aka dawo da su kan wannan 'yar gonar da ke manne da dangar gida.

Daminar 2022 Kawu ya shuka kaura a ciki. Ruwa bai yi gardama ba, ya zuba takin gida ya ƙara da na zamani da ya saya da ɗan karen tsada, dawa ta tashi kore shar gwanin sha'awa. Wajen wata ɗaya da ɗan kai bayan tsiro sai aka fara ganin ganyen da ke fitowa daga tsakiya da ƙananan huji a jere kamar an bi shi da basilla, kafin a ankara tsakiyar wasu ta bushe, in ka ja sai ta zaro a hannunka tana wari. Waɗanda suka tsira sun yi tsawo kam, amma da iskar ƙarshen damina ta zo sai suka dinga karyewa, ka tsaga karan ka ga cikinsa duk rami ne ja-ja cike da gari-gari. Feshi biyu Kawu ya yi, ko a jikinsu. Shi dai hukuncin da ya yanke shi ne an sayar masa da jabun magani, "wanga ba magani ba na, ruwa na anka ɗura min a kwalba," wani lokacin kuma ya ce iri ne, in ransa ya ɓaci sosai ya ce bakin mutane ne don dawar ta yi kyau da yawa a bakin hanya.

Ni lokacin na gama karatun aikin gona ina zaman jiran bautar ƙasa, Kawu yana kirana malamin gona amma da zolaya yake faɗa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ɓarnar ba daidai take ba. Kunyoyin da ke jikin danga sun fi shan wahala, kana nisa da gida tana raguwa, can ƙarshen gonar wajen hanyar shanu kusan lafiya lau. Jabun magani ai ba ya zaɓen kunya.

Cikin watan Fabrairun 2023, hunturu ya fara ja baya, na zaro kara ɗaya daga dangar da aka sabunta da karan kakar da ta wuce, na tsaga shi da wuƙa tun daga gindi. A gaɓa ta uku na same ta. Tsutsa ce kamar tsawon gaɓar yatsa da ɗan ƙari, kanta ja-baƙi, jikin kuwa fari-fari mai dauɗa kamar tsumman da ya sha wanki, duk wannan ɗan duhu da jan da ake gani a jikinta da damina ya tafi. Tana kwance cikin ramin da ta toshe da garin kara, ba abinci ba ruwa, karan ya bushe ƙayau har yana ƙara in ka lanƙwasa. Kakata tana zaune tana kallona ta ce "kai angona, mi kaka nema ga mushen tsutsa? Wagga ai ta daɗe da mutuwa." Na taɓa ta da tsinke sai ta naɗe ta yi baya. Tsohuwa ta yi salati. Kafin la'asar na tsaga kara kamar talatin daga danga da tarin da aka jingine a gindin tsamiya don girki, kusan kowane na uku da mai rai a ciki, kajin gidan ranar sun yi sallah.

Sunanta a littafi Busseola fusca, tsutsar karan dawa da masara, kuma 'yar gida ce, a nan Afirka take tun asali. Kar a haɗa ta da waccan tsutsar masarar da ta shigo Najeriya a 2016 daga nahiyar Amurka, ita waccan ba ta iya barcin rani sam, dole ta samu ɗanyen ganye duk shekara, shi ya sa noman rani irin na Bakalori ke riƙe ta. Tamu kuwa tun farkon shekarun 1960 masu bincike a Samaru ta Zariya suka rubuta cewa cikin busasshen kara take ketare rani, wata shida ko fiye. Mun karanta wannan a aji har an tambaye mu a jarrabawa, amma wallahi sai ranar da na gan ta a dangar gidanmu na yarda.

Na samu gwangwanin madara uku, na huda murafen, na zuba guntayen kara da tsutsa goma-goma a ciki na tura ƙarƙashin gado. Bayan kamar sati uku na buɗe, sai na ga abin da ya ɗaure min kai. Kusa da wata akwai ɗan ƙoƙon kai ja-baƙi shi kaɗai, da wata 'yar fata a tattare kamar an cire safa. Ta yi saɓa. Amma maimakon ta ƙara girma sai na ga ta ma rame. Ƙwaro yana saɓa ne don ya girma, fatarsa ita ce ƙashinsa kuma ba ta miƙewa sosai, in ta matse shi dole ya yi sabuwa a ƙarƙashi ya tuɓe tsohuwar. To me ya kai wadda ba ta ci ba ta sha, tana ramewa, ga sauya riga? Wannan ne ya mayar da ni kan tsoffin takardun lakca da na jibge a bakko.

Ga yadda abin yake, kuma yadda na yi wa Kawu bayani kenan da misalin gayya don da na fara da turanci tashi ya yi zai tafi masallaci. Ƙwaƙwalwar tsutsa ita ce mai gayya. In lokaci ya yi sai ta saki wani sinadari cikin jini, masana na ce masa PTTH, shi ne ɗan aike. Yana zuwa wurin wasu ƙananan ƙullutai biyu da ke gaban ƙirji, su ne makaɗa, su kuma su saki homon ɗin saɓa, wato sinadarin da ke kai wa jiki saƙo ta jini, sunansa ekdaison. Daga kolestarol ake ƙera shi, kuma abin mamaki ƙwaro ba ya iya haɗa wannan maiƙon daga tushe da kansa, sai daga abin da ya ci a jikin shuka. Ekdaison in ya shiga jini jiki na ɗan gyara shi ya zama mai ƙarfi, shi ne kiɗan da fata ke ji ta rabu da tsohuwar riga ta fara saƙa sabuwa. Makaɗi ba ya kiɗa sai mai gayya ya aika masa, 'yan gayya ba sa duƙawa sai sun ji ganga.

Saura na uku, kuma shi ne mai rikitarwa. A bayan ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan ƙullutai su ma biyu da ke fitar da homon ɗin ƙuruciya. Shi ba ya sa a yi saɓa, aikinsa shi ne faɗin wane aiki za a yi in an ji kiɗa, maimai ne ko girbi. In yana nan da yawa a jini lokacin da ekdaison ya zo, tsutsa za ta tuɓe ta sake fitowa tsutsa, maimai kenan. In ya janye, wannan kiɗan dai shi ne zai sa ta dunƙule ta zama wani abu mai kama da ƙwallon dabino, daga nan kuma ta fito da fukafukai a matsayin faɗa-wuta.

Ba da ka aka gano wannan ba, da zare da wuƙa aka gano shi. Wani masani ɗan ƙasar Folan, Stefan Kopec, tsakanin 1917 da 1922 ya riƙa cire wa tsutsotsi ƙwaƙwalwa, wasu kuma ya ɗaure su tamau da zare a tsakiya, sai gaban ya canza kama bayan ya tsaya tsutsa, ya ce lallai akwai abin da ke fitowa daga kai yana bin jini. Wanda ya fi burge ni shi ne Carroll Williams na jami'ar Harvard a Amurka cikin shekarun 1940. Shi da wani ƙaton faɗa-wutan ƙasarsu ya yi aiki, wanda ke barcin hunturu bayan ya dunƙule. In ka ajiye shi a ɗaki mai ɗumi zai yi ta kwanciya wata da watanni, amma in ka sa shi a firij na wasu makonni ka fito da shi sai ya farka. Williams ya cire ƙwaƙwalwar wanda ya sha sanyi ya dasa wa wanda bai sha ba, sai ya farka. Ya manne guda biyu jininsu ya haɗu, ɗaya mai sanyi ɗaya mara, duka biyun suka farka tare. Ya yanke ƙugu shi kaɗai ya dasa masa ƙwaƙwalwa, shiru, sai da ya ƙara masa ƙullutun ƙirji sannan ƙugun nan ya zama na babban faɗa-wuta. Ka ga mai gayya shi kaɗai bai isa ba sai da makaɗi. A 1954 kuma wasu Jamusawa biyu, Butenandt da Karlson, suka tace ekdaison ɗin kansa, kilo 500 na dunƙulallun tsutsar siliki suka matse suka samu miligiram 25. Wato nauyin buhun taki goma, a fitar da abin da bai wuce nauyin ƙwayar dawa ɗaya ba. Kawu da ya ji wannan cewa ya yi "su kam ba su da aikin yi."

Kenan barcin iri-iri ne. Akwai na wanda ya riga ya dunƙule, irin na Williams, ƙwaƙwalwa ce kawai ke riƙe ɗan aikenta, ba PTTH ba ekdaison, komai ya tsaya cak. Irin wannan barcin ne tsutsar da ke zagaye zangarniyar gero ke yi, ita ƙasa take shiga bayan ta ƙoshi ta dunƙule a can har wata damina. Tsutsar kara kuwa tun tana tsutsa take nata, kuma a nan homon ɗin ƙuruciya ne ke gadi. An fi nuna wannan a jikin 'yan uwanta, tsutsar karan masara ta Amurka da Chippendale da Yin suka yi aiki a kanta a farkon shekarun 1970, da ta karan shinkafa a Japan. Maimakon homon ɗin ya janye bayan ta gama ci kamar yadda yake yi da damina, sai ya tsaya a jini, ya danne ɗan aiken ƙwaƙwalwa. Jefi-jefi ɗan ekdaison na ɓallewa, ganga ta ɗan yi ƙara, amma da yake mai cewa maimai yana nan sai ta tuɓe ta sake fitowa tsutsa, kuma tunda kitsen jikinta take ci kowace saɓa ƙara ramewa take. Fatar da na gani a gwangwani kenan. An auna wannan a jikin Busseola kanta a Afirka ta Kudu, takan yi irin wannan saɓar sau da dama cikin barci ɗaya tana zubar da nauyi mai yawa.

Wani abin da mutane ba sa lura da shi, ba yunwa ce ke kwantar da ita ba. Tun karan yana da ɗanyensa take yanke shawara. A ƙasashen sanyi gajartar yini ce ke gaya wa ƙwari hunturu na tafe, mu nan da bambancin yinin bai kai nasu ba, ita wannan daga abincin take ganewa, binciken da aka yi a Najeriya farkon shekarun 1970 ya nuna in shuka ta tsufa, ruwa da furotin suka ragu a kara, zaƙi ya ƙaru, tsutsar da ta ci irin wannan karan ita ce ke tara kitse ta kwanta. Wadda ta ci ɗanyen kara a watan Yuli ba ta tsayawa, cikin wata biyu ta zagayo ta zama uwa.

Sai na ce bari in gwada tashinsu. Kafin azumi na jiƙa auduga na sa a gwangwani na farko ina ƙara ruwa kullum. Ba abin da ya faru sai asara, fumfuna ta kama wasu suka mutu, sauran suka yi lamo abinsu. Na ɗauka gwajin ya lalace, ashe darasin kenan, ba ƙishirwa ce kawai ba, barcin yana da wa'adinsa da sai ya ci kafin ruwa ya yi tasiri. Bayan ƙaramar sallah da kamar sati biyu, farkon Mayu, zafi kamar zai tsaga kai, na jiƙa gwangwani na biyu. Kafin sati biyu ya cika fiye da rabinsu sun dunƙule, jajaye masu sheƙi, in ka taɓa su gindin na juyawa. Na uku da ban sa wa ruwa ba suna nan yadda suke. Daga baya na ga wani ɗan Japan mai suna Okuda ya wallafa kusan haka a 1990 daga aikin da ya yi a Kenya, cewa taɓa ruwa ne ke kammala tashin wannan tsutsar a ƙarshen barcinta, na ji daɗi na kuma ji haushi, an riga ni da shekara talatin da uku.

Bayan wani sati biyun, wata rana da magariba na ji ana fakar-fakar a gwangwani. Faɗa-wuta ne mai launin ƙasa, ba kyan gani, irin wanda ke zuwa jikin fitila ka kaɗe shi ba ka ko kalla ba. Na kai wa Kawu a tafin hannu. Ya jima yana kallo sannan ya ce "wato ruwan da ka tsiro da dawa shi ka tashe ta?" Na ce shi ne Kawu. Ruwan shuka ya jiƙa danga, ta dunƙule, kafin ta fito da fukafukai dawarka ta yi sati uku zuwa huɗu, daidai yadda take so, ta tashi da dare taku goma kacal ta saka ƙwai a jere ƙarƙashin kuben ganye. Cikin mako sun ƙyanƙyashe, su hau cikin mazurarin tsakiya su ci ganye na wasu kwanaki, daga nan su shige kara. In sun shige, feshi wanka kawai kake wa dawa. Shi kuwa Kawu sai da ya ga tsakiya ta bushe ya ɗauki famfo, don haka ni dai ban yarda mai maganin nan ya cuce shi ba, ko da yake har yau bai janye zargin ba.

Maganar gyara ce ta kawo rigima. Littafi cewa yake a ƙone kara duka bayan girbi, wanda ya rubuta haka bai taɓa zama a ƙauye ba. Kara shi ne danga, shi ne rumfa, shi ne wutar tuwo, dabbobi su ci ganyen, tokar ma mata na tace ta. Da na ce a kwance dangar kafin ruwa Kawu ya ce "in bar iyalina a sarari sabadda tsutsa? Ba ni yi." Abin da ya yarda da shi a 2023 biyu ne, a cinye tarin gindin tsamiya a murhu kafin ruwan farko, sannan a sati na uku bayan tsiro yara su bi kunya-kunya suna zuba garin ƙwallon dogon yaro da aka cuɗa da yashi, ɗan tsunkule a mazurarin kowace dawa. Dogon yaro ma ta wannan hanyar yake aiki, sinadarin da ke cikin ƙwallon yana hana ci, yana kuma rikita saƙon da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙullutun ƙirji, sai tsutsa ta maƙale cikin tsohuwar fatarta ta mutu. Akwai magungunan kanti da ke yin akasin haka, suna kwaikwayon ekdaison su tilasta mata saɓa ba shiri. Shekarar an samu sauƙi amma ba can ba.

Da kakar 2023 ta zo sai na kawo masa maganar babbaka. Wasu masu bincike biyu na Samaru, Adesiyun da Ajayi, sun wallafa a 1980 cewa in aka babbake karan dawa jim kaɗan bayan girbi, lokacin ganyen ya bushe amma jikin karan na da sauran ɗanye, wutar ganyen na kashe kusan kashi 95 cikin ɗari na tsutsar, karan kuma ya rage a yi aiki da shi. Karon farko mun yi da rana tsaka iska na kaɗawa, tari guda ya tashi ƙurmus, Kawu bai ce min uffan ba har kwana biyu. Daga baya muka koma yi da sassafe, tari ƙanana, ana juyawa da sanda, yaro na tsaye da bokiti. Danga ta fito baƙa, matan gidan suka yi ta mita wai duk wanda ya jingina sai ya yi wanki. Da na tsaga a Fabrairun 2024 yawanci busassun gawarwaki na samu, masu ran na can gindin kara mai kauri inda zafi bai ratsa ba, da cikin tushiyar da aka bari a gona, ita ma muka tone ta muka tara aka dafa dawo da ita.

Daminar 2024 kunyoyin jikin dangarmu sun tsaya, har Kawu ya daina ce min malamin gona da waccan muryar. Amma kusurwar gabas inda gonar ta haɗu da ta maƙwabci an sha hujin ganye kamar da, don shi tarin karansa na nan tsaye a inuwa tun kaka. Kawu ya same shi bayan sallar isha'i ya yi masa bayanin mai gayya da makaɗi, har da nasa ƙarin gishirin. Mutumin ya saurara tsaf, ya ce ya gamsu, amma shi sayar da kara yake a bazara lokacin da ya yi tsada, kuma masu saye ba sa son baƙi. Ya ce in Kawu zai saye tarin duka a farashin fari to ya zo ya babbake abinsa. Kawu ya tambayi kuɗin, da ya ji sai ya ce a gaida gida.